Amsar Ofishin Batsari

Kafin Malam Abdulwahab ya ɗage yatsa daga kan kwamfuta, amsa ta iso daga ofishin Batsari: "An gani. Za a duba."

Ba sallama, ba gaisuwa, ko suna babu. Shi kuwa sai da ya tambayi iyaye da damina, ya yi addu'ar zaman lafiya, sannan ya kawo maganar irin gero. Ɗan gidan malamai ne, gidan da ko gishiri aka aike ka karɓowa sai ka durƙusa ka gaida kowa.

Abin da ya fi ci masa rai, a kujerarsa ta da Marwa, yarinyar da ke ofishin yanzu, take zaune. Shi ya riƙe ofishin Batsari na ƙungiyarsu mai raba wa manoma iri, har shekarar da aka katse layukan waya, daga baya aka mayar da shi Safana. Marwa sabuwar ɗauka ce, sa'ar 'yarsa, ko wa'adin gwaji ba ta cika ba.

Mako ya zagayo ya sake tura imel, har da ƙarin gaisuwa. Amsar nan dai ta faɗo nan take, kamar ko karantawa ba a yi ba. Abokan aiki suka leƙa suka gani, shi ke nan ya shiga uku. Da ya shigo sai wani ya ce, "Malam, an gani kuwa?" Ya yi yaƙe, amma kunya har cikin ƙashinsa. Ranar da wani dattijo ya zo tun daga Runka a kan babur yana tambayar iri, Malam ko kai bai ɗaga ba ya ce masa za a duba.

Bai kira Marwa a waya ba. Babba ya kira yarinya ya roƙi gaisuwa? Sai ya rubuta wa shugabarsu, Hajiya Safiyya, cewa wadda ba ta iya gaida na gaba ba ba ta dace da hulɗa da manoma ba. Ya sa kowa da kowa a kwafi, don a san an taɓa shi.

Hajiya ta tara su a Safana. Marwa ta zo da jan ido, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya kawar da kai. Takardar sallamarta na kan tebur, sa hannu kawai ya rage.

"Buɗe imel ɗin ofishinku mu gani," in ji Hajiya.

"Hajiya, wallahi ban taɓa shiga ba. Ba wanda ya ba ni kalmar sirrin. Duk aikina ta waya nike yi."

"To, wa ke da ita?"

Malam Abdulwahab ya jawo kwamfutar a hankali, yatsunsa suka buga kalmar ba tare da ya yi tunani ba, akwatin ya buɗe. Saƙonninsa na jere, ba wanda aka taɓa buɗewa. A samansu kuwa ga sanarwa cewa amsar nan mai tafiya da kanta tana nan a kunne, wadda shi ya rubuta da hannunsa, a gaggauce, a jajibirin ranar da aka katse layi.