Fuskar da Ba a Gama Ba

Farfesa Bunyaminu ya tsaya gaban bangon wani coci.

Shekara da shekaru yana koyar da tauhidin Kirista da zane a jami'a, amma bai sake taka Bagudo ba tun ranar da mahaifinsa, mai fentin motocin kasuwar Lolo, ya kore shi don ya sauya addini. Yau ma zagaye ya yi ya tsallaka zuwa ƙasar Benin, nazarin wani zane ya kawo shi.

Zanen uba ne rungume da ɗansa da ya ɓata ya dawo. A can ƙasa akwai 'yar zabuwa mai ƙafa ɗaya, alamar da mahaifinsa ke sa wa duk motar da ya yi wa fenti.

Ya juya ga limamin cocin. "Fada, wa ya zana wannan?"

"Wani dattijo ne Musulmi daga wajenku. Bara ya rasu."

"To me ya sa ɗan ba shi da fuska?"

Fada ya nisa. "Na sha tambayarsa. Cewa yake yi sai yaron ya dawo gida, ya ga yadda ya koma."