Sawun Haƙora a Cinyar Fergus

Noeleen Pascoe ta ɗora rula a kan cinyar jikanta. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyarwa a firamare a garin Darwin, babu irin cizon yara da ba ta gani ba. Wannan ba na yaro ba ne. Faɗinsa santimita biyar, haƙora goma a jere, na sama kaɗai. Bakin babban mutum ne.

"Wa ya yi maka haka, ɗan albarka?"

Fergus, ɗan wata goma sha tara, ya bugi ruwan wanka da tafin hannu ya ce, "Kada! Am!"

Tun da aka kai shi gonar kadoji ba shi da wata magana sai wannan. Kare kada ne, takalmi ma kada ne. Ba shaidar da za a kai gaban kowa ba ce.

Noeleen tana da littafi na musamman don yaron. Ranar da ya fara tafiya tana ciki, da ranar da ya riƙe cokali, da ranar da ya koyi ciro abu daga kofi ya mayar. A gaban "hawa" ta rubuta: bai iya ba tukuna. Yanzu ta buɗe sabon shafi, ta zana cizon, ta sa kwanan wata.

Tsarin gidan ba ya canjawa. 'Yarta Bronwyn takan ajiye shi a gidan renon yara da safe ta wuce aiki. Da sha biyu Noeleen ta ɗauko shi, ya yi barci a mota, ta sa shi da kayansa a gadonsa mai dogon shinge a ɗakinta, ita ma ta miƙe a ƙarƙashin fanka har ƙarfe uku. Wanka ƙarfe biyar. To, ina kuma za a cije shi in ba can ba?

Da cizon ya kai na uku, sai ta ɗauki littafin ta tafi gidan renon.

"Malama Pascoe, don Allah ki zauna," in ji shugabar wurin.

"Ban zo zama ba. Wa ke canja masa kaya?"

Aka kira Tahlia, yarinya 'yar shekara goma sha tara, da fenti a gwiwar hannu.

"Buɗe bakinki."

"Na'am?"

"Ba kurma ba ce ke. Na ce ki buɗe bakinki in gani."

Yarinyar ta fashe da kuka. A wajen Noeleen wannan ma amsa ce. Ta miƙa wasiƙa mai shafi biyu, ta buƙaci abu uku: a kori Tahlia, a ba iyayen yaron haƙuri a rubuce, a sanar da hukumar kare yara. Kafin azahar aka dakatar da Tahlia, aka kuma sa ranar Litinin jami'ar hukuma za ta zo gida.

Ranar Alhamis ba ta kai shi ko'ina ba. Ta kulle ƙofar gaba da ta baya, suka wuni su biyu. Da ta farka ƙarfe uku yana zaune a kan tabarma kusa da gadonsa, sai ta ɗauka ita ce ta sauko da shi cikin magagi, kamar yadda ta ɗauka sau biyu a makon. Ruwan kofin da ke gefen gadonta ya sake zubewa a kan tebur. Ta zagi kyanwar gidan, ta goge.

Ƙarfe biyar ta cire masa wando. Sabon cizo, ja wur, a ɗaya cinyar.

Ta zauna a bakin baho tana sauraron gidan. Fanka. Firji. Wani abu a saman rufi, ko dai kunnenta ne.

Da Bronwyn ta dawo, ta daɗe tana duban cinyar. Sannan ta ɗago, ta yi wa uwarta wani kallo da ba ta taɓa yi mata ba.

"Mama, ku biyu ne fa kaɗai a gidan."

"Me kike nufi?"

"Ba abin da nake nufi. Gobe zan bar miki shi ne don ba ni da inda zan kai shi. Daga Litinin kuma sai abin da matar nan ta ce."

Ranar Juma'a Noeleen ta duba kowace durowa, ta leƙa ƙarƙashin gadaje, ta haska rufi da tocila, ta fitar da kyanwa waje. Ta jingina sandar wasan kurket ta marigayi mijinta a inda hannunta zai kai. Sannan ta yi komai yadda ta saba, kada mai zuwan ya lura da wani canji. Ta kwantar da yaron, ta cika kofi, ta miƙe, ta rufe ido.

Minti ashirin. Zufa na bin wuyanta.

Katako ya yi ƙara. Wani abu ya dira a ƙasa, dim. Sawu suka taho a hankali, suka tsaya daidai kanta. Tana jin numfashi a kan kumatunta. Yatsunta suka lallaba suka kama sandar.

Sai ta ji ƙarar ruwa.

Ta buɗe ido ɗaya. Fergus, wanda littafinta ya ce bai iya hawa ba, yana tsaye a gabanta, ya ja ƙafar wandonsa sama, ya ce a hankali, "Kada! Am!" Sannan ya danna wa cinyarsa abin da ya tsamo daga kofin da dukkan ƙarfinsa: haƙoran robar kakarsa.