Wanda Ya Hana Marivic Kujera

Aling Nenita ta ɗora ɗan tsako a kan akwatin gawar ƙanwarta Marivic, ta watsa masa shinkafa. Haka aka gada: duk ƙwayar da ya tsattsaga, zuciyar wanda ya zalunci mamacin yake sara.

Ƙafar Marivic ɗaya shanyayya ce. Shekara shida tana guga a tsaye a masana'antar ɗinki a birnin Cebu na ƙasar Filifin, inda Nenita ke shugabar layin ma'aikata. Ta roƙi kujera aka hana, ta kai ƙara, ta rasu ba a yanke hukunci ba.

Da hantsi lauyan Marivic ya shigo, ya nufi Nenita.

"Inna, kotu ta sa kamfani ya fito da takardar hanin. Mu koma gefe."

"Gefen me, ɗan nan? Faɗi sunan wanda ya sa hannu kowa ya ji! Yau sai ya ci takalmina."

Ya miƙo mata takardar.

Turancin bai karantu mata ba, kamar dai takardun da manaja ke turo mata duk Juma'a ta sa hannu. Ta duba ƙasa. Sunanta ne, karkatacce, da manyan baƙaƙe.

"Oh ni Nenita," ta ce a hankali. "Abu ɗaya tak na iya rubutawa a duniya, har fariya nake da shi."