Askar Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don a gidanmu ba ma fitar da zancen shago waje.

Baba mai aski ne. Shekara arba'in, duk ranar farko ta sabuwar shekara, shi ke yi wa amininsa tela askin farko da tsohuwar askarsa. Bana hannunsa ya yi rawa. Jini ya gangaro daga bayan kunnen tela har wuyan rigarsa.

"Kai tsoho, aski na zo, ba yanka ba!" in ji tela yana dariya, amma ya dafe kunnen gam.

Yayana, da ke aiki tare da Baba a shagon, ya kunna sabon injin aski ya ƙarasa askin. "Baba, daga yau ka huta. Zamanin aska ya wuce."

Baba ya koma gefe ya zauna. Da yamma ya naɗe askar a tsumma ya miƙo mini.

"Auta, ɓoye wannan."

"Kar ka damu, Baba. Ba zan bari Yaya ya jefar da ita ba."

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke karkarwa.

"Ba yayanki za ki ɓoye wa ba, ni za ki ɓoye wa. Tun ɗazu wuyana nake kallo a madubi."

Washegari da safe na ɗauko askar daga inda na ɓoye ta. Don kar ya riƙe ta da kansa, na zaunar da shi, na shafa masa sabulu a haɓa. Ban taɓa yin aski ba, hannuna ya fi nasa rawa. Na ɗora askar a fatarsa. Ya rufe ido, ya ɗaga mini wuyansa.