Kalmasar Siket ɗin Hansai

Ƙwayar da ake ba masu ƙari a jiki ba ta bambance ƙari da ƙashi. Duk abin da ke girma, tsayar da shi take yi. Shekara biyar ke nan Hansai tana shan ta.

Saura mako biyu babbar Sallah, mahaifiyarta Laure ta kai ta wurin Malam Ɗanjuma tela.

"Ba sai ka auna ba, Malam. Awon bara ne."

"Bara ma haka kika ce, Hajiya."

Hansai na tsaye a gefe, 'yar shekara goma sha huɗu a jikin 'yar tara.

Ranar karɓar ɗinki, Laure ta tarar ya bar kalmasa taƙi guda a ƙasan siket, yadda ake bar wa yaran da za su yi tsawo.

"Ki yi haƙuri, hannu ne ya saba," in ji shi. Ya ɗauko almakashi.

Hansai ta dafe siket ɗin. "Baba, kar ka yanke."

A lokacin ne Laure ta lura hannun tsohuwar rigar 'yarta ya ɗage, tsintsiyar hannu duk a waje.

"Hansai, ina maganinki?"

"Yana ƙarƙashin katifa, Inna. Tun kafin azumi."