Karan Nan Uku

Wani lokacin kaka ne a Gwaram, ina ƙarama, na dawo daga kai abinci gona, sai na tsaya a tagar makaranta. Malam na wasa da yara, suna haɗa haruffa da sillen kara.

Ya ce, "Ke 'yan mata, ya sunanki?"

Na faɗa masa. Ya tsayar da kara biyu, ya gicciya ɗaya, ya soke da ƙaya, ya miƙo mini.

"Ga harafin farko na sunanki. Gobe ki zo ki karɓi na biyu."

Da la'asar Inna ta tsinci harafin a kwanona, ta hura wuta da shi. Ba ta sani ba, Allah ya jiƙanta. Washegari aka fara sussuka, ban koma ba.

Yau nakan leƙa littafin jikokina in nemi karan nan uku. In na gan su, ƙaurin hayaƙi nake ji.