Hoton Cigiya

A taƙaice dai, wani dattijo mai rikicin tsufa ya ɓace a Rano, an kuma same shi albarkacin shisshigin na'ura.

'Yarsa ta shiga kasuwa cigiya da hotonsa a waya, amma wayar ta yi gyaran da ba a sa ta ba: ta share furfura, ta goge tamoji. Ba wanda ya gane shi, sai wata tsohuwa mai daddawa.

"Wannan ja'irin! 'Yar nan, duba gindin tsamiyar gidanmu na da a Rurum. Can yake jirana in fito zance."

Can kuwa 'yar ta tarar da shi, ya karkata hula. Ta yi hamdala har da hawaye.

Jimillar asara: kwana biyu, takalmi ƙafa ɗaya, da sirrin shekara hamsin.